Zan kai iyali Kribi hutu, wa ya taɓa zuwa?

Abu_Hanan
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Shekara shida kenan da aurenmu kuma tun muna amarci na yi wa uwargida alƙawarin wata rana zan kai ta ta ga teku da idonta, ita a Kano aka haife ta a Kano ta girma, ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga. To yanzu na ɗan tara wani abu kuma zan samu hutun sati biyu a Disamba. Wani abokin aikina ɗan Yola ya ce in manta da Legas in tafi Kribi a Kamaru, wai garin bakin teku ne mai farin rairayi ga arhar kifi. Ni ban taɓa taka Kamaru ba. Abin da nake son sani, ta ina ake bi daga Kano, ana buƙatar biza ko a'a, sannan wurin zai yi wa mai iyali? don matata da hijabinta take yawo kuma muna da yara biyu, ɗan shekara 5 da 'yar shekara 2. Bana son in kwashe su in kai su inda zan riƙa rufe musu ido.

Dan_Garwa
Wa alaikumus salam Malam. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, Kribi can kudu take a gaɓar Atlantika, mu nan duk wanda ya ce zai je hutun bakin teku to ko Kribi ko Limbe yake nufi. Amma ka sani daga Kano tafiya ce ba ta wasa ba in ta ƙasa za ka bi. Kano zuwa Yola, ka tsallako Garwa, daga Garwa mota zuwa Ngaundere kusan kilomita 275, daga nan jirgin ƙasa ka kwana a ciki ka wayi gari a Yawunde, sannan ka je tashar Mvan ka hau bas zuwa Kribi, wannan ma awa huɗu zuwa biyar ne. Da 'yar shekara biyu a hannu ka lissafa kwana huɗu zuwa, huɗu dawowa. Sati biyun naka saura nawa?

Sarkin_Zolaya
Hhhh kafin ku isa ai yarinyar ta shiga firamare

NaZaure
Ni dai in za a ji ta tawa, wannan kuɗin da za ka kai wa kifi kallo ka ƙara a kai ka kai baiwar Allah Umara, ga lada ga teku a Jidda kyauta. Ko ka kai su Yankari su sha wanka a Wikki ku dawo da canji. A wannan marrar da buhun shinkafa ya gagari mutane a ce teku?

Abu_Hanan
@NaZaure Allah ya ba mu ikon Umarar Malam, tana cikin niyya. Amma abin da ke hannuna ko rabin kujera ɗaya bai kai ba balle mutum huɗu. Yankari kuwa mun je bara waccan. Alƙawari na ɗauka kuma alƙawari kaya ne.

MamanIhsan
Ƙyale su ƙanina ka kai matarka. Mu mun je da maigidana da yara uku, kwana biyar muka yi, kuma ni ma ban taɓa cire hijabina ba har cikin ruwa na shiga da shi iya gwiwa. Ba wanda ya kalle ni sau biyu, ai Kamaru ba baƙin hijabi ba ne, akwai mutanen arewa cikin masu sayar da kaya a kasuwa. Amma bari in gaya maka gaskiya don kar ka je ka ce ban faɗa ba. Bakin ruwan da ke cikin gari ranar Asabar da Lahadi ba wurin zuwanka da yara ba ne, mutanen Duwala da Yawunde ke cika wurin, ga giya a kan kowane tebur ga kiɗa ga shigar da kai ma ka sani. Abin da muka riƙa yi shi ne mu fita bayan asuba, lokacin ba kowa sai masunta suna jan taru da ƙananan kaguwa suna tsere suna shigewa rami, yara suka yi ta bin su har suka gaji ba su kama ko ɗaya ba. Kafin ƙarfe goma mun koma masauki. In yamma ta yi mu ɗauki mota mu fita bayan gari, ko Londji ta arewa ko Grand Batanga ta kudu, can za ka yi tafiya mai nisa a rairayi ba ka haɗu da mutum biyar ba.

Abin da ba wanda ya gaya min kuma ya ba ni wahala shi ne danshi. Mu mun saba da zafin da ke busar da kai, na can jiƙa ka yake yi, ka fito wanka kafin ka sa kaya ka sake jiƙewa da gumi. Na wanke kayan yara na shanya a baranda kwana biyu ba su bushe ba har suka fara wari. Ta ɗebi hijabai marasa nauyi masu yawa, kar ta ɗauki shadda ko leshi mai dutse, wahalar banza ce. Man kaɗanya ma da na tafi da shi ko buɗe shi ban yi ba.

Hajjo_Yola
Maman Ihsan ta faɗi gaskiya kan danshi wlh. Ni garin kunun gyaɗa na tafi da shi don yaye, kwana uku ya dunƙule.

Abu_Hanan
Na gode Hajiya, wannan shi ne irin bayanin da nake nema. Maganar biza fa?

Dan_Garwa
Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza in zaman bai wuce kwana 90 ba, akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Amma fasfo dole, kowa da nasa har jaririyar, kuma ka tabbata an buga maka hatimin shiga a kan iyaka, kar wani ɗan acaɓa ya ce zai zagaya da ku ta daji don sauri, a gaba za ka biya abin da ya fi haka. Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, shi ma ana tambaya.

Elh_Maradi
Assalamu alaikum. Ni abin da zan ƙara, wanda ni ya same ni. Na tashi daga Maraɗi da sefa tawa cikin aljihu ina taƙama ai ni ba ruwana da canji, sefa sefa ce. Na isa Garwa na miƙa ma mai shayi jika guda ya juya ta ya sake juyawa ya maido mini ya ce wannan ba tamu ba ce. Ashe sefa biyu ce, tamu ta yamma da ake ci Nijar da Benin da Togo, da tasu ta tsakiya ta Kamaru da Cadi da Gabon. Darajarsu guda, dukansu an ɗaure su da yuro kan 655 da 'yan kai, amma takardun daban, kuma ɗan canji sai ya cire nashi kafin ya musanya maka. To in za ka yi canji a Wapa ka ce musu ta Kamaru kake so, ka duba da idonka.

Sarkin_Zolaya
Alhaji to shayin fa, an sha ko an mayar cikin buta?

Elh_Maradi
An sha mana, Bahaushe ne ɗan uwa, ya ce in tafi Allah ya kai ni lahiya. Da dawowa na biyo na biya shi.

Yerima_Ngaundere
Ina ganin @Dan_Garwa ya tsorata bawan Allah da lissafin kwanaki. Jirgin ƙasan nan shi kansa yawon buɗe ido ne, ni yarana sun fi son shi da inda za mu ma. Yana tashi daga nan bayan magariba ya isa Yawunde da hantsi, kilomita ɗari shida da wani abu. Ka kama ɗakin kwana, akwai mai gado biyu akwai mai gado huɗu, kai da iyali ka saye mai huɗun gaba ɗaya ku rufe ƙofarku. Duk tashar da aka tsaya cikin dare mata na zuwa jikin taga da zuma da ayaba da rogo, kuma ka kwanta a ƙasar ciyawa da shanu ka farka ka ga kurmi ya rufe ko'ina har ba ka ganin sama sosai. Tun 1974 layin ya iso Ngaundere, kakanninmu da shi suka yi fataucin shanu da goro. Ka dai sayi tikiti da wuri don a Disamba ɗakunan kwana ba sa zama. In kun sauka Yawunde ku je Birikiteri ku huta kwana ɗaya, unguwar Hausawa ce, za ka ji kamar kana Fagge, ga masallatai ga tsire ga masa.

Injiniya_KD
Ko kuma ka huta da duk wannan, Kano zuwa Legas, Legas zuwa Duwala a jirgin sama, daga Duwala mota awa uku ta Edeya kun isa, kilomita 170 ne wajen haka. Tsada ce kawai. Ka yi lissafin kuɗin mota da masauki da abinci na kwana takwas a hanya ka gwada da kuɗin tikiti, wataƙila bambancin bai kai yadda kake zato ba.

Bala_Tirela
Duk hanyar da za ka bi kar ka bi ta Ikom da Mfum dai da iyali. Taswira za ta nuna maka kamar ta fi kusa amma tana ratsa yankin masu Ingilishi inda ake rikici tun wajen 2016. Mu da muke kan titi kullum ma muna kaucewa.

Sannan ni maganar ruwan nake son yi don na ga kowa na ta kifi da rairayi. Ni ɗan Numan ne, a Binuwai na koyi iyo, tun ina yaro nake tsallake kogi da damina ina ganin ba ruwan da zai ba ni tsoro. Wata rana mun sauke kaya a sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kribi muna jiran lodi sai muka ce bari mu je mu watsa ruwa. Na shiga iya ƙirji ina yi wa yaran mota dariya don sun tsaya a baki. Wallahi ban san lokacin da ƙasa ta bar ƙafata ba. Ba igiyar da ke zuwa ce matsalar ba, wadda ke komawa ce, rairayin ƙarƙashin ƙafarka take kwashewa ta ja ka ciki. Na juya ina iyo da duk ƙarfina zuwa gaɓa amma ina ganin bishiyoyin kwakwa suna ƙara nisa, na sha ruwan gishiri ya kai kofi uku, na fara salati. Wani masunci ne a kwalekwale ya yi ta yi min ihu yana nuna gefe da hannu, ban ji yarensa ba amma na gane, na daina faɗa da ruwan na bi gefe kamar ina bin tsawon gaɓar, ko mita talatin ban yi ba na ji jan ya sake ni. Da na fito na kwanta a rairayi na fi rabin awa ƙafafuna na rawa. Daga baya ya nuna min wurin, in ka lura za ka ga wani layi da ruwan ya fi duhu kuma ya fi kwanciya ba kumfa, mu baƙi nan muke zaɓa don muna ganin ya fi lafiya, ashe nan ne hanyar da ruwan ke komawa. To Malam yaranka kar su wuce idon sawu kuma hannunka na riƙe da nasu, kuma ka tambayi masunta kafin ka shiga ko'ina, yawancin wuraren ba mai gadin ceto.

MamanIhsan
Innalillahi, Allah ya kiyaye gaba Malam Bala. Ni ma na ji wannan jan rairayin a ƙafa, kamar ana zare maka tabarma. Kuma hijabi in ya jiƙe nauyi yake yi sosai, shi ya sa ban wuce gwiwa ba.

NaZaure
Kun ji ko. Wikki dai ba ta jan kowa.

Ummu_Sadiq
Kai Malam NaZaure kai dai a zauna a zaure kawai. Mata nawa ne a garin nan daga gidan uba sai gidan miji sai asibitin haihuwa, mutum ya ce zai faranta wa matarsa da halalinsa sai a fara kawo masa farashin shinkafa. Da mota ya ce zai canja ko zai ƙara aure ba wanda zai tuna masa Umara.

Sarkin_Zolaya
An taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, ni na fita

NaZaure
Hajiya ban hana shi ba, shawara ya nema na ba shi tawa. Allah ya kai su lafiya.

Abu_Hanan
Amin. A bar wannan dan Allah kar a ɓata zumunci. Abinci fa? ni damuwata nama, kar mu je mu ci abin da ba mu san yankansa ba.

Dan_Garwa
Wa zai je Kribi ya nemi nama? Kifi za ka ci har ka gaji. Ka je bakin kogin Kienke inda kwalekwale ke sauke kifi, wurin da suke ce wa debarkade, ka zaɓi kifinka ɗanye da hannunka a yi ciniki, a gefe akwai mata masu gasawa a kan gawayi ka miƙa musu ka biya kuɗin gashi, su kawo maka da soyayyar agada ko bobolo, wato rogo ne da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye kamar sanda, yana da ɗan tsami, wasu na so wasu ba sa so. Yajin da suke zubawa a gefe ka ɗanɗana tukuna kafin ka ba yara. Ciniki kuwa in sun ji ba ka jin Faransanci kuɗin zai ninka, ka raba biyu ka fara daga nan. In nama ya dame ka akwai masu tsire 'yan arewa da yamma, su ma soya suke ce masa, ka yi musu sallama da Hausa ko Fillanci za ka san da wa kake magana. Masallaci ma akwai a cikin gari, su za su nuna maka. A gidan abinci dai ka riƙa tambaya don ana sayar da naman alade da naman daji a wasu wuraren.

Hajjo_Yola
Jatan lande!! kar ku dawo ba ku ci na bakin kogin Lobe ba, manya ne kamar yatsa ana soya su da tafarnuwa

Auwal_Gashua
Tambaya dan Allah, wannan jatan landen da kaguwa ya halatta a ci? Ni ƙyamarsu ma nake ji kamar kyankyasai

Almajirin_Malam
A mazhabar Malikiyya da muke bi duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya ma buƙatar yanka, kuma akwai hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Ƙyama kuma daban haramci daban, in ranka bai so ba ka bari. Wannan hadisin ma ya amsa wata tambayar da na san za ta zo, eh ana alwala da ruwan teku. Kuma Abu Hanan ka tuna kai matafiyi ne kana da rangwamen ƙasaru a hanya, in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ka cika.

Sarkin_Zolaya
Auwal da ke cin fara da yaji a leda shi ne yake ƙyamar jatan lande, duniya kenan

Auwal_Gashua
Fara ai ta gida ce mun san asalinta 😂

Injiniya_KD
Sunan ƙasar ma daga jatan lande ya samo asali. Turawan Fotugal da suka shigo kogin Wuri wajen 1472 sun tarar da su da yawa sai suka sa masa kogin kamaroyis da yarensu, daga nan aka samu Kamaru. Wani abu kuma da ba a faɗa ba, soket ɗinsu ba irin namu ba ne, mai rami biyu zagayayye ne irin na Faransa, ka sayi adafta tun daga gida in ba haka ba ranar farko wayarka za ta mutu kana kallo. Layi kuma akwai MTN da Orange, da fasfo ake yin rajista.

Mahamat_Njamena
Salam. Ni na je sau biyu. In dare ya yi ka tsaya bakin ruwa za ka hango fitilu can cikin teku kamar wani gari, to wannan man mu ne na Cadi 😅 bututu ya taso tun daga Doba kilomita 1,070 ya ƙare a Kribi, tun 2003 ake lodin shi a jiragen ruwa daga can. Na ce wa abokina ɗan Kamaru ni na zo duba dukiyarmu ne ba hutu ba. Gaskiya garin ya canja tun da aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 2018, tana kudu da gari kamar kilomita 35, manyan motoci sun yi yawa a hanya kuma masauki ya ƙara kuɗi, wanda ya san Kribi ta da zai ce an ɓata ta. Amma faɗuwar rana tana nan yadda take. Tekun yamma yake da gari, to rana a cikin ruwa take nutsewa kana gani, ja wur, minti kaɗan ta ɓace sai duhu, ba irin namu da ake daɗewa ana shafaƙi ba. Ka yi alwala tun kafin ta faɗi. In ka tashi sallah kuma teku na bayanka, alƙibla arewa maso gabas take.

MamanIhsan
Na manta ban faɗi Lobe ba sai da Hajjo ta ambata. Kilomita bakwai ko takwas ne daga gari, kogi ne yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ba wai ya gangara ya haɗu da shi a hankali ba, faɗowa yake yi. Ba shi da tsayi sosai, Gurara ta jihar Neja ta fi shi, amma faɗinsa da yadda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri a gabanka shi ne abin kallo. Ana shiga kwalekwale a matsa kusa har feshin ya jiƙa ka. Ni na ce sai an ba yarana rigar ceto kafin mu hau, mai jirgin ya yi ta gunaguni amma ya nemo. Ku yi ciniki ku gama a kan tudu kafin ku sa ƙafa, zuwa da dawowa, a faɗa a fili.

Yerima_Ngaundere
A nan Lobe ɗin za su yi ta binka wai a kai ka cikin kurmi ka ga Bagyeli, mutanen dajin nan gajeru. Ni na je sau ɗaya ban ji daɗi ba sam. An kai mu mun tsaya muna kallon mutane a ƙofar bukkarsu kamar gidan zu, aka sa su rawa, aka ce mu ba su sabulu da gishiri, kuɗin da muka biya kuma na tabbata ba hannunsu ya shiga ba. Wata tsohuwa ta kalle ni ta kau da kai, har yau ina tuna kallon. Tafiyar kogin kanta tana da kyau, shiru sai kukan tsuntsaye, amma in da zan sake zuwa zan ce a juya kafin a isa ƙauyen.

Ummu_Sadiq
Allah sarki. Kamar yadda Turawa ke zuwa ɗaukar hoton almajirai a nan kenan, mu ma ba ma so.

Dan_Garwa
Haka ne. In tarihi kake so akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 tana nan a bakin kogi, da tsohuwar cocinsu a kusa, a ƙafa ma za ku zagaya. Game da lokaci kuma Disamba ka dace, daga Disamba zuwa Fabrairu ne ruwan sama ke sauƙi, Satumba da Oktoba kam kar ma mutum ya fara, kwana ake ana tafkawa. Sai dai ka yi ƙoƙari ka shiga ka fita kafin 20 ga wata, daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara ɗaki wahala yake kuma kuɗin ya tashi. Ka nemi gida mai kicin da ake bayarwa haya na kwanaki maimakon otal, uwargida ta dafa wa yara abin da suka saba.

Ummu_Sadiq
A kai ta hutu kuma a haɗa ta da tukunya? Kai maza

Hajjo_Yola
Hhh a'a Ummu a nan ina bayan Dan Garwa, 'yar shekara biyu ba za ta ci bobolo ba, ko ruwan zafin kunu ai kya buƙaci murhu. Kuma a tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi, sauron can ba ya jiran damina, duk shekara yana nan. Mu ɗakin da muka kama an ce akwai raga a taga, muka tarar ta yage, daren farko ba mu runtsa ba, ga wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, da safe na ce wa mai wurin ko ya gyara ko ya ba mu kuɗinmu sai ya ɗaga kafaɗa kawai. Kar ku biya kuɗin kwana biyar gaba ɗaya, ku biya na ɗaya ku gani tukuna.

Zongo_Boy
Ni ban gane wannan dogon zagaye ba. Ku zo Gana mana, ga Cape Coast ga Elmina ga Busua, ba biza, ana jin Turanci, kowane gari akwai zango da Hausawa. Ko Kwatano ma da ke kusa da ku, daga Legas awa nawa ne.

Bala_Tirela
Tekun Kwatano da Lome ya fi na Kribi mugunta nesa ba kusa ba, can kam kallo kawai ake yi daga nesa. Na Kribi akwai wuraren da yake kwance musamman Londji, shi ya sa ma na raina shi har ya kusa tafiya da ni.

Elh_Maradi
Amma ta Kwatano sefata tana ci dai.

Abu_Hanan
Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na zauna da biro da takarda jiya da daddare. Jirgin sama zuwa da dawowa mu huɗu ya fi ƙarfina, ta ƙasa zuwa da dawowa kuma ya cinye hutun kamar yadda Dan Garwa ya ce. Abin da nake tunani yanzu mu tafi ta Yola mu hau jirgin ƙasan nan da Yerima ya kwaɗaita min, mu yi kwana huɗu a Kribi, dawowa in kuɗi ya ragu mu hau jirgin sama na cikin gida daga Duwala ko Yawunde zuwa Garwa mu rage hanya. Ko kuma mu bar ƙaramar wajen kakarta, amma wannan ban isa in yanke ni kaɗai ba. Na karanta wa uwargida labarin Malam Bala ta yi shiru, can ta ce ita dama ba shiga za ta yi ba, so take ta ɗebo ruwan a gora ta kawo wa Innarta ta ɗanɗana don tsohuwar ba ta yarda akwai ruwan da gishiri ke ciki tun asali ba.

MamanIhsan
Kar ku bar yarinyar, hankalin uwarta ba zai kwanta ba, hutun zai zama waya kawai. Goran kuma ta rufe shi da kyau ta sa a leda biyu, nawa a cikin akwati ya zube.

NaZaure
To in an ɗebo a sammin kofi ɗaya ni ma

Sarkin_Zolaya
Malam ai kai Wikki za a ɗebo maka

Auwal_Gashua
Wai fasfo ɗin jaririya kwana nawa yake ɗauka yanzu a Kano? don in Disamba ce ya kamata a ce an fara tun jiya

Abu_Hanan
Kai, wannan ma ban tuna ba wlh. Na babban ma ban duba ko ya ƙare ba. Bari in koma gida in buɗe durowa.